Kofin da ke hawa kan ɗan'uwansa: nazarin aikin difloma ɗaya daga makarantar zayyana ta Ulm

A shekarar 1959 wani ɗalibi mai suna Hans Roericht, wanda aka fi sani da Nick, ya miƙa aikin kammala karatunsa a babbar makarantar koyon zayyana da ke birnin Ulm, a kudancin Jamus. Kayan cin abinci ne na tangaran, irin wanda iyayenmu ke kira faɗi-ka-mutu: kofuna, farantai, kwanukan miya, butocin shayi da na madara, duk farare sol, babu ko ɗigon fure a jikinsu. An yi su ne don otal-otal da ɗakunan cin abinci na ma'aikata, wuraren da ake ciyar da ɗaruruwan mutane a zama ɗaya. Abin da ya fitar da su daban shi ne kowanne yana hawa kan ɗan'uwansa ya zauna daram, har da butocin. A farkon shekarun 1960 kamfanin Thomas, wanda ke ƙarƙashin Rosenthal, ya fara ƙera su da sunan TC 100, bai daina ba sai 2006. Gidan adana kayan fasahar zamani na New York, wato MoMA, ya saka su cikin tarinsa.

Aikin ɗalibi da ya haura shekara 40 a kasuwa ya cancanci a buɗe cikinsa a ga abin da aka zuba. Wanda ya kalli kofin zai ce ai wannan ko yaro ya zana shi. Zanen kam yaro zai iya. Wahalar tana cikin tazarar milimita ɗaya zuwa biyu da ke tsakanin gindin kofi da bakin na ƙarƙashinsa, kuma karatun shekara huɗu ne ke sa mutum ya iya riƙe wannan tazara tun daga takarda har kofin ya fito daga wuta.

Makarantar da ta haifi aikin

Inge Scholl da Otl Aicher da Max Bill ne suka kafa makarantar. Inge yayar Hans Scholl da Sophie Scholl ce, su biyun da gwamnatin Nazi ta kashe a 1943 saboda raba takardun adawa; ta kafa gidauniya don tunawa da su, kuma wannan gidauniya ce ta mallaki makarantar. Babban wakilin Amurka a Jamus na lokacin, John McCloy, ya ba da mak miliyan ɗaya, kuɗin Jamus na wancan zamani, da sharaɗin a nemo kwatankwacinsa daga wasu hannaye. An fara darasi a 1953 a ɗakunan aro, sannan a 1955 aka buɗe ginin da Max Bill ya zana a kan tudun Kuhberg. Walter Gropius, wanda ya kafa Bauhaus, shahararriyar makarantar fasaha da zayyana ta Jamus, a 1919, shi ya yi jawabi a bikin, kuma tsofaffin mutanen Bauhaus irin su Josef Albers da Johannes Itten da Walter Peterhans suna cikin waɗanda suka koyar a farkon tafiyar.

Tsarin karatun shekara huɗu ne. Shekarar farko ta share fage ce: layi, launi, siffa, lissafin fasali, da zagayawa ɗakunan aikin katako, ƙarfe, filasta da hoto. Sauran ukun ɗalibi yana sashensa, ko zayyanar kayan masana'anta, ko sadarwa ta zane da rubutu, ko gini, ko yaɗa bayanai; daga baya aka ƙara fim. Difloma kuwa kashi biyu ce, aikin hannu da rubutaccen nazari.

Roericht ya shiga a 1955, ya fita a 1959, wato ya yi karatunsa ne daidai lokacin da gidan ke rikici da kansa. Max Bill yana ganin mai zayyana ɗan fasaha ne da farko, kamar mai zane ko mai sassaƙa. Matasan malamai, Tomás Maldonado da Aicher da Hans Gugelot, suna ganin abokin aikin injiniya ne da mai masana'anta, dole ya san lissafi, halin kayan aiki, yadda jikin mutum ke mu'amala da kaya, da tattalin arziki. Bill ya bar makarantar a 1957. TC 100 ɗan ɓangare na biyun ne sak.

Matsalar da aka ɗauko

Kofin gida ana saye shi ne don ido. Kofin otal rayuwarsa daban ce: daga kanta zuwa tire, daga tire zuwa tebur, a kwaso shi da datti, a jefa a injin wanke-wanke, ya fito da zafi da laima, a mayar kanta, sau da yawa a wuni. A wannan zagaye, lokacin da yake yi a hannun mai shan shayi shi ne mafi ƙanƙanta. Yawancin fashewa da ɓantarewar baki a hanya suke faruwa da wajen ajiya, saboda kofi mai tumbi idan aka ɗora shi kan wani sai ya karkace, mariƙinsa ya tokare bakin na ƙasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a teburin mai shayi da safe ya ga yadda jerin kofuna huɗu ke rangaji.

Saboda haka kafin a ja layi ɗaya, aikin ɗalibi a irin wannan matsala shi ne ya je inda ake abin ya auna: tsawon tazarar da ke tsakanin katakon kanta da na samansa, faɗin tire, girman gurbin kwandon injin wanki, yawan kofunan da ma'aikaci ke iya ɗauka a hannu ɗaya, da inda kayan suka fi ɓantarewa idan an duba tsofaffi. Daga nan sharuɗɗan ke fitowa da kansu. A jeru ba rangaji. A rage wurin ajiya. Kada a sami lungun da ruwan wanki ba ya kaiwa. Baki ya yi kaurin da zai jure karo. A iya ƙerawa da injinan da masana'anta take da su a ƙasa. Ɗalibai da dama suna tsallake wannan mataki don ba shi da daɗin nunawa, sai su zo da siffa mai kyau wadda ke amsa tambayar da babu wanda ya yi.

Amsar Roericht ita ce ya raba jikin kofin hawa biyu. Na sama miƙaƙƙe ne mai faɗi, na ƙasa ya fi shi tsukewa, tsakaninsu akwai kafaɗa. Hawan ƙasa yana nutsewa cikin bakin kofin da ke ƙarƙashi, kafaɗar ta zauna a kan leɓensa. Mariƙin kuma gaba ɗaya a jikin hawan sama yake, don haka ba ya taɓa komai. Nauyi yana sauka a miƙe daga bango zuwa bango, shi ya sa jerin ke tsayawa kamar ginshiƙi.

Ga yadda lissafin yake, da lambobin misali irin na aji. A ce faɗin kofi daga waje milimita 80 ne, kaurin bango 4, cikin baki zai zama 72. Hawan ƙasa a ba shi 70 daga waje, saura milimita ɗaya kowane gefe. Tsawo 60: sama 38, ƙasa 22. Kowane kofin da aka ƙara yana ɗaga jerin da 38 ne kawai, don haka goma za su kai 60 da 38 sau tara, wato milimita 402, maimakon 600. Cikinsa zai ɗauki kimanin mililita 205 idan an cika fal, 180 idan an bar sarari a baki. Idan aka zurfafa hawan ƙasa jerin zai ƙara gajarta ya ƙara ƙarfi, amma hawan sama zai rage, mariƙi ya ƙanƙance har yatsa ya kasa shiga. Idan aka rage shi, mariƙi ya sami wuri, jeri ya koma rangaji. Duk zayyanar ciniki ce tsakanin waɗannan biyun.

Akwai wata riba da ba a gani sai an shiga masana'anta. Siffar da ke da faɗi a sama ta tsuke a ƙasa tana zamewa daga mazubi, wato ramin filasta da ke ba yumɓu siffarsa, mai ɓari ɗaya ba tare da an buɗe shi ba. Kofi mai tumbi da tsukakken baki sai mazubi mai ɓari biyu, wanda ke barin layin haɗi da sai an kankare da hannu a kowane kofi. Bangon ma da ake gani kamar a miƙe yake, ana ɗan kishingiɗar da shi da digiri ɗaya zuwa biyu don ya saki mazubi.

Inda yumɓu ke karya lissafi

Tangaran na gaske haɗi uku ne, kuma tsohon ma'auninsa shi ne kashi 50 kawolin, wato farin yumɓu, kashi 25 felsifa, wani ma'adinin dutse mai narkewa a wuta, kashi 25 niƙaƙƙen farin dutsen ƙanƙara. Kawolin ke ba da jiki da fari, felsifa ke narkewa ta ɗinke komai, dutsen ke riƙe ƙashin. Wannan haɗi yana tsukewa sau biyu, lokacin bushewa da lokacin gashi, jimilla yawanci tsakanin kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari. Ba a ɗaukar adadin daga littafi. Ana murza sanda daga yumɓun da za a yi aiki da shi, a yi mata alama biyu da tazarar milimita 100 tana ɗanya, a busar, a gasa tare da kaya, a sake aunawa. Idan ta dawo 86, tsukewar kashi 14 ce. Sanduna biyar aƙalla, a wurare daban-daban na tanderu, saboda sama da ƙasan tanderu ba zafinsu ɗaya ba.

A nan ne kuskuren da ya fi kowanne yawa yake. Ɗalibi yana son milimita 80, tsukewa kashi 14, sai ya ƙara kashi 14 a kan 80 ya sami 91.2. Wuta kuwa daga babban adadin take cire kasonta: 91.2 za ta dawo 78.4. Daidai shi ne a raba 80 da 0.86, a sami 93. Bambancin milimita ɗaya da rabi ne da ɗoriya, kuma ya isa ya sa kofi ya riƙa yawo a gurbin ɗan farantinsa.

Sai rufin ƙyalli, wato siririn gilashin da ke lulluɓe tangaran. Kaurinsa bayan gashi wajen milimita 0.2 ne. Ƙaramin abu, amma idan aka ratsa faɗin kofuna biyu da ke cikin juna za a haɗu da shi sau huɗu: biyu a cikin bakin na ƙasa, biyu a wajen gindin na sama. Milimita 0.8 ta tafi daga cikin biyun da aka bari. Yanzu a ce kofi ɗaya ya fito daga gashin da ya tsuke da kashi 13, ɗayan daga wanda ya tsuke da 15. Gindin na farko zai zama 70.8, bakin na biyu 71.2. Saura 0.4, ƙyalli kuma yana neman 0.8. Sun cije. Wannan ne ya sa kofunan da ɗalibi ya gasa rana ɗaya suke jeruwa lafiya a gaban malamai, amma idan aka haɗa su da na gashin mako mai zuwa sai a ga wani ya ƙi shiga, wani ya shiga ya ƙi fita. Otal kuwa yau zai sayi ɗari, baɗi ya ƙaro hamsin, kuma yana sa ran su hau juna. Idan aka matse tazarar da yawa ma akwai wata matsalar: kofuna masu laima daga injin wanki suna manne wa juna, cikinsu kuma ba ya bushewa.

Daga takarda zuwa filasta

Ana sassaƙa samfurin farko da farin filasta, dangin wanda masu silin ke kira POP, amma mai laushin niƙa. Ana juya shi a kan inji ana shafe shi da farantin ƙarfe da aka yanke daidai da gefen kofin, a girman da aka faɗaɗa. Daga samfurin a zuba mazubi na farko, daga shi a yi uwar mazubi, daga uwar a riƙa haifar mazuban aiki. Dalilin wannan dogon zagaye shi ne mazubin aiki yana cinyewa. Bayan wasu gomomin zubi gefunansa sun dakushe, faɗinsa ya ƙaru, sai a jefar a zubo sabo.

Kwaɓin filasta da sikeli ake yi: ruwa 70, gari 100, da nauyi. Garin ake barbaɗawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa kan gari. A bar shi ya jiƙa minti biyu, a dama minti biyu zuwa uku ba tare da an kaɗa iska ciki ba, a bubbuga bokitin kumfa ta taso, a zuba a gefe ɗaya a hankali. Cikin rabin awa zai ɗau ɗumi ya daskare. Ruwa ya yi yawa, mazubi ya yi taushi ya riƙa gari. Ruwa ya yi kaɗan, ya yi tauri ya ƙi shan ruwan yumɓu. Mafi muni shi ne ɓari biyu na mazubi ɗaya a kwaɓa su da ma'auni daban: gefe ɗaya zai fi ɗaya jan ruwa, bangon buta ya fito da kauri biyu, ya karkace a wuta. Tsakanin filasta da filasta ana shafa ruwan sabulu mai laushi sau biyu ko uku, in ba haka ba su zama dutse ɗaya. Wajen busarwa kada zafi ya wuce digiri 45 zuwa 50. Mai gaggawar da ya kai mazubinsa kusa da tanderu zai same shi yana marmashewa. Kuma ko ƙwayar filasta ɗaya kada ta faɗa cikin yumɓu, don bayan gashi tana shan laimar iska ta kumbura ta ɓalle fuskar kaya, wani lokaci bayan makonni.

Kofi da faranti a kan inji mai juyawa ake yin su. Na kofi, ana jefa curin yumɓu cikin mazubi mai rami, hannun ƙarfe ya sauko ya matse shi jikin bango ya fitar da cikin. Na faranti a kife ake yi: mazubi ya ba da fuskar, ƙarfen ya yanke bayan da zoben gindi. Buta da mariƙi kuwa zuba su ake yi da kunun yumɓu. Kunun kirki ruwansa kaɗan ne, wajen kashi 40 zuwa 45 a kan kowane 100 na busasshen gari, kuma abin da ke sa shi gudu duk da haka shi ne ɗan sodiyam silikat, kashi 0.2 zuwa 0.3 cikin ɗari na nauyin garin. Ana duba shi da sikeli: mililita 100 ya auna giram 175 zuwa 180. Idan ya yi kauri, hannun sabon shiga ruwa yake kaiwa, ruwan kuma ya jiƙe mazubi ya ƙara tsukewa, lissafin da aka yi a sama ya rushe. Idan aka zarce da silikat, kunun ya kwanta a gindin bokiti, abin da aka zuba ya yi gautsi, mazubi ya cinye da wuri. Kaurin bango ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da lokaci: wanda ke son ninki biyu na kauri sai ya jira kusan ninki huɗu na mintuna.

Tun da hanyar yin buta daban ce da ta kofi, tsukewarsu ma takan bambanta ko da yumɓun ɗaya ne. Kowace hanya da sandar gwajinta.

Mariƙi ana liƙa shi da ɗan kunu lokacin da jiki da mariƙin suka yi taurin fata, kuma laimarsu ta zo ɗaya. Idan ɗaya ya fi bushewa, siririn tsagu zai fito a mahaɗar, sau da yawa ba a ganinsa sai bayan gashi. Nauyin mariƙi yana kuma jan baki ya mayar da shi kamar ƙwai. A kofin gida wannan ba ya hana shan shayi. A kofin jeri, bakin da ya kauce da milimita ɗaya ya gama da shi. Shi ya sa ake kifa kofuna baki da baki lokacin bushewa, kuma shi ya sa leɓe mai ɗan kauri yake aiki biyu, jure karo da riƙe da'ira.

Wuta

Gashi biyu ne. Na farko tsakanin digiri 900 zuwa 1000, don kayan su yi ƙarfin da za a iya tsoma su cikin ruwan ƙyalli su sha. A nan ana hawa a hankali: sauran laima tana fita kafin 200, ruwan da ke ɗaure cikin ƙwayar yumɓu yana fita tsakanin 450 da 600, a 573 kuma dutsen ƙanƙara yana sauya hali ya kumbura farat ɗaya, haka zai tsuke a daidai wurin lokacin hucewa. Mai gaggawa a waɗannan matakai zai buɗe tanderu ya tarar da tsagu. Na biyu, ga tangaran mai tauri irin na Jamus, yana kaiwa wajen digiri 1400, inda jiki ke yin laushi ya kusa zama gilashi. A wannan zafi duk inda ke da nauyin da ba a tallafe ba zai sunkuya, kuma kafaɗar kofi tana cikin wuraren da ake sa wa ido: idan ta yi kwance sosai hawan sama zai danne ta ta zauna, tsawon jeri ya canza. Ana ba ta ɗan gangare, a kuma zagaye kusurwarta.

Zoben gindi ana goge ƙyallinsa da jiƙaƙƙen soso kafin gashi, in ba haka ba ya manne da katakon tanderu, wato faifan da ba ya ƙonewa da ake jera kaya a kai. Wannan zoben da ba ƙyalli kaushi gare shi kamar dutsen wasa wuƙa, kuma a jerin farantai shi ke zaune kan fuskar na ƙasa. Idan ba a goge shi ya yi santsi bayan gashi ba, wata shida ya isa a ga da'irar karce a tsakiyar kowane faranti. A kofi matsalar ba ta tasowa muddin gindin yana rataye bai taɓa cikin na ƙasa ba.

Idan ƙyalli ya fi jiki tsukewa wajen hucewa, sai ya tsattsage kamar busasshen tabki. Datti yana shiga tsagun, don haka kayan ba su dace da abinci ba. Ana gwadawa ta hanyar zafafa kofi zuwa digiri 120, a tsoma a ruwan sanyi, a shafa tawada a goge. Idan babu layi a ƙara zafi a maimaita. Maganin da aka fi farawa da shi shi ne ƙara niƙaƙƙen dutsen ƙanƙara a haɗin ƙyallin, kaɗan-kaɗan.

Buta ita ce ta fi ba da wahala, shi ya sa jeruwar butocin TC 100 ta fi ta kofunan burge wanda ya san aikin. Dogon baki irin na butar gargajiya ba ya jure karo, don haka aka gajarta shi. Gajeren baki kuwa yana son ɗiga, sai an fiƙe ƙasan leɓensa yadda zai yanke ruwa. Ƙarshensa kada ya gaza matakin da ake cika butar, in ba haka ba shayi ya riƙa fita tun ba a karkata ba. Murfi yana bukatar wuya mai zurfi don kada ya faɗo cikin kofin baƙo, kuma ana gasa shi a kan butarsa don su tsuke tare, da wurin haɗuwarsu ba ƙyalli.

Abin da aka biya

Ba a samu wannan duka kyauta ba. Kafaɗar da ke riƙe jeri daga waje tana barin tudu daga ciki, inda cokali ke tuntuɓe, tabon shayi kuma ya fi son zama. Mariƙin ƙarami ne ga mai manyan yatsu. Bango mai kauri yana shanye zafin shayi idan ba a ɗumama kofin ba, kuma a leɓe ba shi da daɗin siririn tangaran. Mai neman kayan jere na ɗakin amarya ba zai waiwaye shi ba. Sai dai waɗannan duk an san da su aka zaɓa, saboda wanda aka yi wa aikin shi ne mai ɗauka da mai wankewa da mai biyan kuɗin abin da ya fashe. A wajen duba aikin ɗalibi, bambancin da ke tsakanin aibin da ya zaɓa da idonsa buɗe da wanda ya auka masa ba ya ɓuya. Tambaya biyu ta isa ta fito da shi.

Makarantar ita kanta ba ta yi tsawon ran kofin ba. Ta yi wa kamfanin kayan lantarki na Braun da na jiragen sama na Lufthansa aiki, ta ga ɗalibai kusan 640, waɗanda suka kai ga difloma ba su kai rabi ba. Rikicin cikin gida kan yawan nazari da ƙarancin zayyana, da bashi, da janyewar tallafin gwamnatin tarayya, da sharuɗɗan da majalisar jihar Baden-Württemberg ta gindaya, suka taru suka rufe ta a 1968. Roericht ya zama farfesa a Berlin a 1973. Tsarin karatun ya yi tasiri a makarantun zayyana na Rio de Janeiro a Brazil da Ahmedabad a Indiya.

Irin wannan karatu ana yinsa a sashen zayyanar masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, mai rassan tukwane da tangaran, zane da yadi. Ɗalibin da ya ɗauki aikin kofin jeri a can zai iya samun kawolin daga Ƙanƙara ta jihar Katsina, amma zai fi yiwuwa ya gasa a tsakanin digiri 1200 da 1280, da haɗin da tsukewarsa ba ta zama lallai ta yi daidai da ta Jamus ba, kuma buhun bana ba lallai ya yi halin na bara ba. Sandar milimita 100 ce za ta gaya masa, kowane sabon buhu da tasa. Tanderun gas ko na kananzir da ake sarrafawa da hannu ya fi na masana'anta bambancin zafi tsakanin sama da ƙasa, don haka gara ya buɗe tazararsa zuwa milimita ɗaya da rabi kowane gefe, ya zurfafa hawan ƙasa kaɗan don ya rama rangajin.

Gwajin ƙarshe ba ya bukatar na'ura. A gasa kofuna aƙalla 30 a gashi uku daban-daban, a rubuta lambar gashi da wurin zama a tanderu a gindin kowanne. A auna bakin kowanne sau biyu, a miƙe da a gicciye, a rubuta. A cakuɗa su, a ɗebo goma ba zaɓe, a jera a kan tire, a ba wanda bai san aikin ba ya hau bene da su ya sauko. A wanke su da ruwan zafi, a jera da laimarsu, a dawo bayan awa ɗaya a cire ɗaya bayan ɗaya da hannu ɗaya. Duk wanda ya cije a ware shi, a duba lambar gindinsa, a koma littafin gashi a ga a wane katako ya zauna.